Yadda Ake Tantance Kayan Ginin Da Danshi Ya Taɓa A Sito

A Kaduna ba kasafai gini yake tashi ya ƙare a shekara guda ba. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa yakan sayi fili a Rigasa ko Mando ko Millennium City, ya kewaye shi, ya rufa ɗaki ɗaya, sannan ya riƙa tara kaya a ciki gwargwadon abin da ya shigo hannu: buhun siminti ashirin yau, rodi bayan wata biyu, bandir ɗin kwano idan an ɗauki adashi. Hujjarsa kuwa mai ƙarfi ce, domin farashin kayan gini hawa yake yi kullum. Sai dai ruwa yana sauka a garin nan tun daga Afrilu ko Mayu har zuwa Oktoba, kuma a watannin Agusta da Satumba, lokacin marka, iska kanta a jiƙe take ko da ranar ba a yi ruwa ba. Unguwannin da ke gefen Kogin Kaduna kuma suna da ƙarin barazanar ambaliya. Saboda haka mutane da yawa sukan buɗe sito bayan makonni su tarar da warin danshi, da buhunan da suka yi tauri, da rodin da ya yi ja.

Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne, kayan da danshi ya taɓa ba duka ake zubarwa ba, ba kuma duka ake mayarwa cikin aikin da aka sayo su dominsa ba. Tantance su ake yi, a ba kowanne aikin da ƙarfinsa na yanzu zai iya ɗauka.

Kafin a taɓa komai

Idan an ja wutar lantarki zuwa ɗakin, a kashe ta daga waje kafin a taka ƙasa mai ruwa. A buɗe ƙofa da tagogi a bar iska ta ratsa na ɗan lokaci, sannan duk wanda zai yi aikin ya sa takalmin roba da safar hannu da takunkumi, domin jiƙaƙƙen siminti yana cin fata, ƙurar funfuna kuma tana tayar da tari, musamman ga mai asma. A riƙa ɗaga kaya da sanda kafin a cusa hannu, saboda macizai da kunamu suna son ƙarƙashin tarin bulo da katako a damina.

Daga nan sai a nemo hanyar da ruwan ya biyo, don babu amfanin gyara kaya a mayar da su inda suka lalace. Hanyoyin ba su da yawa. Ko dai rufi yana yoyo, ko feshi yana shigowa ta tagar da ba a sa mata gilashi ba, ko ruwa ya kwararo ta ƙarƙashin ƙofa. Akwai kuma hanyoyi biyu da ba a cika lura da su ba: danshin da ke tasowa daga ƙasa a ɗakin da ba a yi masa daɓen kankare ba, da gumin da ke taruwa a cikin kwanon rufi da dare ya riƙa ɗiga a kan kaya. Kayan da kansu sukan nuna hanyar. Idan buhunan ƙasa ne suka fi lalacewa, daga ƙasa ne. Idan na jikin bango ne, bangon ne yake tsotsar ruwa. Idan kuwa na sama ne, a duba rufi. Yana da kyau a ɗauki hotuna kafin a motsa kayan, musamman idan ba a daɗe da kawo su ba kuma ana zargin a jiƙe dila ya aiko da su.

Siminti

Da siminti ake farawa, domin shi ne ya fi saurin mutuwa, kuma lalacewarsa ce ta fi haɗari. Ruwa ba jiƙa siminti kawai yake yi ba. Haɗuwa yake yi da sinadaran da ke cikinsa, su riƙiɗe su zama dutse, kuma sau ɗaya tak wannan haɗuwar take faruwa. Wanda ya riga ya kama a cikin buhu ya gama aikinsa ke nan, ba zai sake kamawa a jikin bango ba. Hukuncin ɗaya ne ko na Dangote ne, ko na BUA, ko na Ashaka, ko mai lambar ƙarfi 32.5 ne ko 42.5. Buhun da ake zuba shi kuma ba ya hana danshin iska shiga gaba ɗaya, shi ya sa ake samun simintin da ya yi ƙulalai alhali ɗigon ruwa bai taɓa shi ba.

A fito da buhunan ɗaya bayan ɗaya zuwa busasshen wuri mai inuwa, ranar da babu hadari. Kowane buhu a kwantar da shi a mirgina shi sau biyu ko uku a kan katako. Dalilin mirginawar shi ne, akwai taurin da ba na ruwa ba: buhun da ya daɗe a ƙarƙashin tari yakan danne saboda nauyin da ke kansa, kuma da zarar an mirgina shi sai ya saki ya koma gari. Irin wannan lafiyarsa ƙalau. Wanda bai saki ba sai a farke shi a duba. A cusa hannu, da safa, har tsakiyar buhun, a ɗebo garin a murza. Lafiyayyen siminti yana da laushi da santsi, babu tsakuwa-tsakuwa a cikinsa. Idan an ci karo da ƙulli, a matsa shi tsakanin babban yatsa da manuni. Wanda ya ruguje nan take ya zama gari ba shi da matsala sosai. Wanda ya ƙi rugujewa sai an buga shi da guduma, ruwa ya riga ya cinye shi.

Da wannan gwajin za a raba buhunan gida uku. Kashi na farko su ne waɗanda babu ƙulli a cikinsu, ko kuma ƙullin yana rugujewa da yatsa. Kashi na biyu su ne waɗanda suka yi ɓawo mai tauri a gefe ko a kusurwa amma cikinsu gari ne. Na uku kuwa su ne waɗanda rabinsu ko fiye ya zama dutse. A rubuta wa kowane kashi alama da fenti ko gawayi, domin lebura ba zai tsaya bambancewa ba ranar aiki.

Kashi na biyu ne yake buƙatar haƙuri. A shimfiɗa tamfol busasshe, a kafa rariya mai ƙananan idanu, irin ragar da ake sa wa taga don sauro, a zuba garin a tankaɗe shi a hankali ba tare da an danna ƙulalan ba. Abin da ya wuce ta rariya da kansa a zuba shi cikin buhu mai leda a ciki a ɗaure bakin; abin da ya tsaya a sama a haɗa shi da kashi na uku. A nan ne ake yawan samun saɓani da masu aiki. Birkila zai ce, "Alhaji, ai asara ce a zubar da wannan, a ba yara su daka shi a tankaɗe, in an ƙara masa sabo kaɗan zai yi." Ba zai yi ba. Dakakken ƙulli yana kama da siminti a ido, amma a cikin kwaɓi matsayinsa ɗaya da ƙura, kuma haɗa shi da sabo raunana sabon kawai yake yi. Mai gini ya tsaya a kan bakansa a wannan wuri, cikin mutunci, ko da birkilan ya girme shi a sana'a.

Ko garin da aka tankaɗe ma ba a yarda da shi sai an gwada. A sayo sabon buhu ɗaya don awo. A kwaɓa gwangwani ɗaya na tsohon da gwangwani uku na yashi mai tsabta, a kwaɓa na sabon da awo iri ɗaya da ruwa daidai wa daida, a zuba kowanne a ƙaramin mazubi, a yi musu alama, a ajiye a inuwa. Bayan awa 24 a danna kowanne da farce: ya kamata a ce dukansu sun kama, farce ba ya nutsewa. Sai a cire su daga mazubin a riƙa jiƙa su kullum har kwana 7, sannan a kankare gefensu da ƙusa, a kuma buga su da guduma da ƙarfi iri ɗaya. Idan tsohon yana zubar da yashi ko ya farfashe tun kafin sabon ya tsage, ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Wannan gwajin gida ne, kwatanci kawai yake bayarwa. Idan buhunan suna da yawa, ko kuma bene ake ginawa, injiniya ya zuba kankaren gwaji a mazubi mai milimita 150 kowane gefe, a kai ɗakin gwaji irin na sashen injiniyan gine-gine a Kaduna Polytechnic ko Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a matse shi a na'ura bayan kwana 7 da kuma kwana 28. Kuɗin gwajin ba ya kusa da kuɗin fasa dekin.

Rabon aiki kuwa kamar haka yake. Kashi na farko, idan bai haura wata 3 a ajiye ba kuma ya ci gwaji, ana iya amfani da shi a ko'ina, amma a gaggauta. Garin da aka tankaɗe daga kashi na biyu ba ya shiga harsashi, ko fila, ko linta, ko dekin, ko matakala, wato duk inda zai ɗauki nauyi ko ya rataya a kan mutane. Wurinsa shi ne daɓen tsakar gida, da shimfiɗar farko da ake zubawa a ramin harsashi kafin a ɗora rodi, da gefen lambatu, da ƙananan facin da ba su ɗauke da komai, kuma a ƙara yawansa a cikin kwaɓin fiye da yadda aka saba. Kashi na uku a farfasa shi da babbar guduma a yi ciko da shi a ƙarƙashin daɓe, ko a jera buhunan yadda suke a inda ruwa ke zaizaye ƙasa a bakin fili.

Garin POP, wato farin garin da ake yin silin da adon ɗaki da shi, da gam ɗin tayil na buhu duk hukuncinsu ɗaya da siminti, sai ma abin da ya fi, domin POP cikin mintoci yake kamawa idan ya ga ruwa. Wanda ya yi ƙulalai masu tauri a haƙura da shi.

Rodi

Jan da rodi yake yi yana firgita mai shi fiye da yadda ya kamata. Tsatsar da ta tsaya a fata kawai, wadda in an goga da tsumma take barin ja a hannu amma ƙarfen yana nan sumul da zanensa, ba ta hana kankare riƙe shi. Wadda ake tsoro ita ce mai ɓawo, wadda take ɓarewa falle-falle, domin tana shiga tsakanin ƙarfe da kankare, kuma idan ta ci gaba da ci a cikin gini tana kumbura har ta ninka girman ƙarfen da ta cinye, ta tsaga fila daga ciki.

A ɗaga rodin daga ƙasa a ɗora a kan bulo ko guntayen katako, a wanke laka da ruwa idan ambaliya ta binne shi, a bar shi ya bushe, sannan a goge shi da buroshin waya har ɓawon ya zube. Bayan gogewa sai a duba abu biyu: ko zanen da ke jikin rodin yana nan a tashe, da kuma ko tsatsar ta haƙa ƙananan ramuka a jikinsa. Wanda zanensa ya shafe ko ya yi ramuka masu zurfi ya rage kauri. Ana tabbatar da hakan da sikeli. A ƙa'ida, mita ɗaya na rodi mai milimita 10 yana da nauyin kilo 0.62, mai milimita 12 kilo 0.89, mai milimita 16 kuma kilo 1.58, wato cikakken rodi mai milimita 12 da tsawon mita 12 yana kai kilo 10.7 ko kusa da haka. Amma da yake wasu rodin da ke kasuwa tun daga masana'anta ba su cika awonsu ba, abin da ya fi shi ne a yanki mita ɗaya daga wanda ya fi cin tsatsa, a yanki mita ɗaya daga wanda bai ci ba a cikin kaya guda, a auna su a kwatanta. Idan bambancin ya fito fili, injiniya ne zai yanke hukunci, ko dai a ƙara yawan rodin ko a mayar da shi aikin da bai kai wannan nauyi ba, kamar murfin lambatu ko ƙarfen taga a wurin masu walda na kasuwar Panteka da ke Kaduna.

Kada a shafa wa rodi baƙin mai ko man girisi ko fenti da sunan kare shi. Tsatsar za ta tsaya, amma kankare ba zai kama ƙarfe mai maiƙo ba, kuma wannan ya fi tsatsar illa. Wayar ɗauri da ƙusoshin da suka ci tsatsa har suna karyewa in an lanƙwasa su, a sayar wa 'yan gwangwan a sayo sababbi.

Katako da danginsa

Katako yana jure jiƙa idan ya samu ya bushe da wuri. Abin da ke kashe shi shi ne zama a jiƙe, domin idan ruwan da ke cikinsa ya haura kusan kashi 20 cikin ɗari na tsawon lokaci, ruɓa takan kama shi, gara kuma ta biyo baya. A warware tarin gaba ɗaya. Kowane katako a soka masa bakin wuƙa ko sukundireba a wurin da ya fi duhu, a ɗaga: lafiyayye yana da wuyar huda kuma yana tsagewa da dogon sili, ruɓaɓɓe kuwa yana nutsewa da sauƙi ya gutsure gajere. A ƙwanƙwasa shi kuma. Wanda gara ta cinye cikinsa yana amsawa da ƙarar holoƙo ko da fatarsa tana da kyau. Idan baki ɗaya ne ya ruɓe, a yanke shi har a wuce inda ruɓar ta tsaya da kamar taƙi guda, a yi amfani da sauran. Baƙi-baƙi ko kore-koren funfuna da ke fata kawai ana goge shi da buroshi da ruwan da aka sa wa bilic, awo ɗaya cikin awo goma na ruwa, a sarari, ba tare da an gauraya shi da wani sinadari ba.

Shanya katako a tsakiyar rana kuskure ne da ake yawan yi. Fatar takan bushe ta bar cikin a jiƙe, sai ya murɗe ko ya tsattsage. A jera shi a rumfa mai iska, a ɗage daga ƙasa da kamar santimita 30, a sa siraran katakai masu kaurin inci ɗaya tsakanin kowane layi da na samansa, tazarar kusan santimita 60, kowanne a saitin na ƙasansa, sannan a ɗora bulo a saman tarin don ya danne shi ya bushe a miƙe. Idan shanyar ta kai hunturu, a shafa wa bakunan fenti, saboda busasshiyar iskar Disamba da Janairu ta bakin take fara tsaga katako. Maganin gara irin su Solignum sai katakon ya bushe ake shafawa, don jiƙaƙƙe ba ya shan magani. Duk wanda aka yanke masa ruɓa ko ya ɗan lanƙwashe, kafinta ya mayar da shi katakon zubin kankare ko na tokara, kada ya hau rufi.

Filawud da ya fara ɓarewa falle-falle, da allon garin katako da ya kumbura, da silin da ya yi ciki, ba sa komawa yadda suke ko sun bushe. A yanke gefen da ya tsira idan akwai. Ƙofar falle da ta sha ruwa ta ƙasa ita ma haka.

Kwano, bulo, yashi da sauransu

Kwanon rufi a bandir ya fi lalacewa fiye da wanda ke kan gida, domin ruwan da ya shiga tsakanin falle da falle ba ya samun iskar da zai bushe, sai ya fara cin shafen da ke kare ƙarfen, ya bar wani farin gari. A kwance bandir ɗin, a raba fallayen, a jingina su a tsaye a karkace yadda ruwa zai tsiyaye, a goge farin garin da buroshin roba mai tauri. Kada a sa buroshin waya ko samfefa, don za su kankare abin da ya rage na shafen. Fallen da jar tsatsa ta bayyana a jikinsa kariyarsa ta ƙare a wurin. A goge, a shafa jan fentin ƙarfe, a rufa bayi ko rumfa da shi. A ɗaga kowane falle a duba ta hasken rana don gano huda.

Bulon siminti da aka buga da kyau ruwa ba ya cutar da shi. Wanda ya narke ko gefensa yake zuba in an murza, dama can simintinsa bai isa ba, damina ta tona asirinsa ne kawai. A ware irin waɗannan, a goge kore da farin gishirin da ya fito wa sauran da busasshen buroshi, a bar su su sha iska kafin a ɗora, domin bulon da aka gina yana ɗigar ruwa yakan tsuke in ya bushe ya tsaga filasta.

Yashi da tsakuwa matsalarsu laka ce, idan ruwa ya kwaso ta ya zuba a kan tarin. A zuba yashi a kwalba mai haske har tsayin santimita 10, a ƙara ruwa da ɗan gishiri, a girgiza sosai, a ajiye na awa 3. Laka za ta kwanta a saman yashin; idan kaurinta ya haura milimita 6 zuwa 8, sai an wanke yashin ko a canza shi. A tuna kuma yashi mai danshi yana kumbura, har ya kan ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu, don haka kwanon sarki ɗaya na jiƙaƙƙe bai kai na busasshe ba, kuma ruwan da za a zuba wa kwaɓin sai an rage. Tayil kwalinsa ne kawai yake ruɓewa, sai a wanke a jera shi a tsaye. Fentin ruwa da ya yi wari ko ya tsinke ya ƙi haɗuwa bayan an juya shi ya lalace. Soket da makunni da na'urar yanke wuta da suka nutse a ruwa kuwa ba a mayar da su bango, ko da sun bushe sun yi kyau a ido.

Mayar da kaya sito

Sai an toshe hanyar ruwan kuma ɗakin ya bushe ake mayar da abin da aka ceto. A shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa, a jera bulo, a ɗora katako a kai yadda siminti zai ɗagu daga ƙasa da santimita 15 zuwa 20, a bar tazarar aƙalla santimita 30 tsakaninsa da bango. Kada tari ya wuce buhu 10 a tsaye, buhunan kuma a matse su da juna, a lulluɓe su da leda ta kowane gefe, a rufe tagogi, domin siminti, saɓanin katako, ba ya son iska tana ratsa shi. Saboda wannan bambancin bai dace a haɗa su wuri ɗaya ba, kuma jiƙaƙƙen katako ko yashi bai kamata ya kwana ɗaki ɗaya da siminti ba. A rubuta ranar saye a jikin kowane tari, a fara amfani da wanda ya riga zuwa.

Ga wanda aikinsa zai tsaya har bayan damina, a ganina tara siminti ba dabara ba ce komai hawan farashi. Gara ya sa kuɗin a rodi ko tsakuwa ko tayil, ko ya sa a buga masa bulo da simintin tun yana da ƙarfinsa. Idan kuwa dole sai simintin, ya biya dilan da ya amince da shi ya bar kayan a hannunsa, a rubuta a rasit adadin buhu da nau'insa da sharaɗin cewa sabon kaya za a ba shi ranar ɗauka, ya riƙa karɓar abin da aikin mako ɗaya ko biyu zai cinye.